Sunan jikan Alhaji ya cinye mini ciniki

Jama'a, yau na rasa ciniki saboda ban je cin shinkafar suna ba!

Kun san akwatin da nake sayarwa. Ana haɗa shi da babbar kwamfutar kamfani, ya tare ɓarayin intanet, ya hana shafin kamfanin na intanet tsayawa in masu saye sun yi yawa. Wata uku ina bin wani Alhaji mai kamfanin man kaɗe a Dungu. Na kafa masa guda na gwaji. Tun ranar shafinsu bai sake tsayawa ba.

Yau na hau babur da takardu, sa hannu kawai ya rage. Na durƙusa na gaishe shi. Ko kallon takardun bai yi ba!

Ya ce, "Ranar Asabar aka yi sunan jikana a Kasalgu. Ban gan ka ba."

Na ce, "Alhaji, ai ranar ina ofishinka! An ɗauke wuta, manajanka ya kira ni, tun safe har la'asar ina fama da wayoyinku!"

Ya ce, "Wancan ɗan Kumasi mai irin kayanka ya zo. Da goronsa. Har kujeru ya taya mu jerawa. Nasa za mu saya."

Chale, abokaina, ku ji fa! Mutumin da ko kwalin akwatinsa ba su taɓa gani ba!

Na miƙe zan kwance nawa, Alhaji ya ɗaga hannu.

"A'a, ɗana, bar shi sai nasa ya iso. In ya iso kuma, kai za ka haɗa mana. Ya ce shi bai iya ba."