Gindin Kwali

Shekara huɗu na yi ina riƙe da sito a babban shagon magani na kawuna a Tudun Wada, kuma har yau in na tuna yadda yake sayo kaya sai raina ya ɓaci. Magani ya fi kala ɗari biyar, amma ƙa'idarsa ɗaya ce: ba ya aikawa a kawo sabo sai ya leƙa ya ga gindin kwali.

Ni kuwa lissafi na karanta. Na zauna na bi kowane magani, nawa ke fita a rana, kwana nawa mota ke yi kafin ta iso. Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne allurar saran maciji. Da kaka, lokacin roron wake, kwalba uku ke fita kullum, kaya kuma sai sun kwana goma a hanya. Talatin ke nan, na ƙara goma saboda tsaro.

Ranar da suka rage arba'in na kai masa takarda.

"Kawu, yau ya kamata a aika."

Ya leƙa kwalin, ya yi dariya. "Malamar lissafi! Ke ba ki ga a cike yake ba? Tun ba a haife ki ba nake wannan sana'a."

Na koma sau uku. A na ukun ya goge man ƙosai da takardata, a gabana. Sai da suka rage shida ya ɗaga waya.

Kwana biyu bayan sun ƙare, maƙwabciyar gidanmu na Kagarawal ta shigo da takardar likita a hannu, ko takalmi babu. Kububuwa ta sari mijinta a gona. Kawu ya ce bari ya duba mota, ya sulale ta ƙofar baya, ya bar ni da ita.

"'Yata, ko kwalba ɗaya?"

Na juye mata kwalin ta gani. Muka bi shaguna har la'asar, da ƙyar muka samu a Bagadaza, amma jini ya riga ya ƙi tsayawa.

Kayan sun iso kwana goma bayan wayarsa, kamar yadda na rubuta, ko kwana ɗaya ban kuskure ba. Kawu ya kira ni in zo in ƙirga. Na ce ya ƙirga da idonsa, ni ina gidan makoki.