Malamar da ta Lulluɓa wa Ƙanƙara Bargo

Kafin kowa a Wara ya san akwai wata Malama Barira, ni Sahabi na sani. Ni na ɗauko ta a jirgina ranar da anka turo ta koyarwa, 'yar Shanga, yarinya shakaf, da akwatin kwano da katifa a naɗe. Muna tsakiyar ruwa ta nuna wani mutum can nesa a gaɓa shina sassaƙar kwale-kwale, ta ce, "Mai jirgi, ka lura gatarin ya sauka, sai daga baya munka ji ƙarar?" Na ce na lura. Ta ce ai haske ya fi sauti gudu. Nan take na ce a raina wagga ba za ta bar garin ga yadda ta ishe shi ba. Ban yi boko ba, amma ina yaro na ga ruwa ya cinye tsohon garinmu, da girmana jirgi ya kife da ni na fito da raina. Ba a koya mani gane mutum.

Bana take aje aiki, shi ya sa na ce sai an ji.

Tun zuwanta, ba hanyar makaranta take fara bi da safe ba, sai ta biyo ta bakin ruwa. Ta gaida masunta, ta leƙa wurin mata masu bandar kifi, ta roƙi ɓallen madubi ko tsohuwar waya ko gwangwani. Fiziks take koyarwa, wato sanin halin zafi da haske da sauti, makarantar kuwa ba ta da kayan gwaji. Ba ta tsaya kuka ba. Sai ta kwaso ɗalibai zuwa gaɓa, ta tsoma filafilin tuƙin jirgi a ruwa su ga kamar ya karye, ta ce musu haske ne ya lanƙwashe, shi ya sa mai mashi ba ya jifan kifi daidai inda ya hango shi, sai ƙasa kaɗan. Ko ta sa ƙarfe da itace a bakin murhu, ta ce kowa ya taɓa ƙarshensu ya faɗa mata wanne zafi ya bi.

Amma abin da ya sa sunanta ya zauna bakin mutane shi ne sha'anin Yasira.

Mijin Yasira, Zakari, masunci ne, ciwo ya shanye mashi ɓarin jiki, gida ya dawo kanta. Ta shiga sarin ɗanyen kifi tana kaiwa Yelwa cikin daro da ƙanƙara. Bazara ce, rana kamar ta sauko. Kafin mu raba tafiya ƙanƙarar ta zama ruwa, kifi ya yi laushi, masu saye su danna da yatsa su wuce. Tafiya bayan tafiya ina kallonta tana dawowa da kai a ƙasa. Wata Asabar ta ce mani, "Baba Sahabi, wagga ce ta ƙarshe. In ta ɓaci, yaran nan dangi zan raba wa, ba ni iya ciyar da su."

Malama tana kusa, ta ji. Ta juya gida, sai ga ta da bargonta na kwana da buhun ƙaiƙayin shinkafa.

"Ɗiyata, juye daron ga. Ƙaiƙayi a ƙasa, sai kifi da ƙanƙara, sannan mu naɗe su da bargo."

Yasira ta riƙe baki. "Haba Malama! Abin da nike gudun zafi, shi za ki sa wa bargo?"

Sulaiman dillalin kifi, wanda bakinshi ba ya hutu, ya ƙyalƙyale. "Jama'a ku zo, ƙanƙara ta kamu da zazzaɓi! Malama, in kawo mata shayi ko a kira mai allura?"

Tashar jirgi ta ɗauki dariya. Malama ba ta ko ɗaga kai ba, tana ɗaure bargo da igiya. Sai da ta gama ta dubi Yasira.

"Bargo ba ya da zafin kanshi. In kin lulluɓa, ɗumin jikinki yake tarewa kar ya fita. Yadda yake hana zafi fita, haka yake hana shi shiga. Ni ma zan hau jirgin, in ya ɓaci a idona zai ɓaci."

Ta shimfiɗa farin buhu a sama, wai fari yana maida hasken rana baya, baƙi ke shanye shi. Ni kuwa da kaina na share wa daron wuri nesa da inji, don tun a lokacin na san inda maganar za ta ƙare.

Muna tafe, Yasira ba ta zauna lafiya ba. Ba wannan daro kaɗai take kallo ba, yaranta take gani ana rabawa gida-gida. Hannunta ya kai ga igiya, Malama ta kama shi.

"Ki bari in duba mana, Malama."

"Kika buɗe, kin buɗe wa zafi ƙofa. Zauna."

Da munka isa Yelwa rana ta take tsaka. Yasira ta kwance igiya. Ƙanƙara na nan dunƙule, gefenta kawai ya zagwanye. Giwan ruwa da karfasa sun yi tauri, idanu garau. Mai saye na farko ya danna, bai wuce ba. Yasira ta durƙusa cikin jirgina tana ta hamdala, hawaye na zuba. Yaranta ba su bar gidan ubansu ba, yau babbar tana ajin ƙarshe a hannun Malama. Sulaiman kuwa, kafin kasuwa ta zagayo, matarshi na neman bargonta ta rasa.

Malama Barira, ke ce kika fito da karatu daga aji kika kawo shi bakin ruwa. Ke ce anka yi wa dariya ba ki saki igiya ba. Uwar ɗalibai, Allah Shi biya ki, Shi jiƙan mahaifa, Shi sa ki huta lafiya, ko da yake kin riga kin faɗa mani hutun na takarda ne, gaɓa ba za ki bari ba. Mu mutanen Wara mun gode.

Ku kuma matasan malamai da za a turo bayanta, kar wanda ya zauna shina cewa babu kayan aiki. Ga tafki, ga murhu, ga rana kyauta, ku fito ku koyar.

Wanda kuma yake ganin tsoho ya ƙara gishiri, ya zo ran kasuwa da ƙanƙara dunƙule biyu. Ya bar ɗaya tsirara, ɗaya mu sa mata bargo, in tuƙa shi har Yelwa. In tashi tsirarar ta isa da rai fiye da tawa mai bargo, jirgin ya zama nashi, ni in dawo Wara da iyo.