Faskiyar Unisa

Idan ka baro Midun ka biyo hanyar da ta ratsa unguwarmu, za ka ga wani gida mai ƙofa biyu. Ɗaya sabuwa ce, an shafa mata shuɗin fenti. Ɗayar tsohuwa ce ta itacen dabino, da randa a gefenta. Kada ka ƙwanƙwasa tsohuwar sai ka shirya jin baƙar magana. Ƙofar Unisa ce, maƙwabciyata tun muna 'yan mata. Kaf tsibirin Jarba ba wanda ya sha zaginta kamar ni, ba kuma wanda ya sha ruwanta kamar ni, don haka ina ganin ina da ikon ba ku labarinta.

Ubansu mai kanti ne a Tunis, kamar yawancin iyayenmu maza. Yakan zo da bazara ya ƙirga 'ya'yansa ya koma. Ƙanenta Lazhar ma gemu bai gama fito masa ba aka tura shi Marsiliya ya tsaya a kantin kawunsu, can ya yi aure, can ya yi tumbi. Unisa kuwa ta auri wani masunci, Allah bai ba su haihuwa ba, ya rasu, ta dawo gida ta yi jinyar uwarsu har ita ma ta cika. Gidan ya zama daga ita sai awaki sai faskiya, wato rijiyar tara ruwan sama.

Faskiyar nan ita ce 'yarta. Kakansu ne ya haƙa ta a gefen tsakar gida, ya rufe ta da dutse, ya bar ɗan baki da guga zai shiga. Duk ruwan saman da ya sauka a soron ɗakunan gidan, indararo ne ke kai shi cikinta. Ruwan famfonmu kun san shi, gishiri-gishiri, idan ka dafa shayi da shi sai ka ce wankin kifi ne. To Unisa, zafi na fara raguwa za ta hau soro da tsintsiya da bokitin farar ƙasa. Ta share, ta shafe, ta toshe hanyar faskiya har ruwan farko ya wanke ƙura ya wuce, sannan ta buɗe. Ba mai taka soronta da takalmi. Kyanwar da ta hau, sai ta yi da ta sani. Randar bakin ƙofa kuma kullum cike take saboda masu wucewa, haka uwarsu ta bari. Unisa ba ta taɓa hana kowa ruwa ba, amma ba ta taɓa ba da shi da sakin fuska ba. Za ta cika maka tulu tana ce maka, "Ku da soronku kamar bola, sai roƙo."

Ranar da rigimar ta fara ina gidanta muna murza kuskus. Wayarta ta yi ƙara, Lazhar ne, irin kiran nan da ake ganin juna.

"Yaya, juya wayar in ga tsakar gidan," in ji shi. "Hancinki kawai nake gani."

"Hancin ya riga ka zuwa duniya. Me ya faru? Ba Sallah ba, ba mutuwa ba, ka kira?"

Sai ya shiga bayani. 'Yarsa Sirin ta sami miji, ɗan Faransa, iyayensa mutanen kirki ne masu hali. Suna so su zo hutu Jarba da bazara su ga asalin yarinya. Shi kuma baki ya ja shi, ya ce musu yana da gidan hutu a tsibiri, bila guda, irin katafaren gidan nan na masu kuɗi, da kwamin ninƙaya. Har ya tsara komai. Wannan ɗakin na surukai, wancan nasa da matarsa. Za a sa fitilu a jikin dabino. Za a yi hayar mota, a kai su Gallala su sayi tukwane, a kai su bakin teku su ci kifi. Awaki za su bar gidan.

"Ni fa?" in ji Unisa. "Ko ni ma akuya ce?"

"Ke sai ki ɗan zauna wajen Monjiya kafin su tafi."

Monjiya ni ce. Ba wanda ya tambaye ni.

"Kwamin fa, daga Marsiliya za ka ɗauko shi a kai?"

"Ai ramin yana nan," ya ce. "Za a fasa rufin faskiya, a kwashe ruwan, a manna tayil shuɗi. Aikin banza ne haƙa sabo."

Unisa ta ajiye rariya a hankali. Na san ta, idan ta yi abu a hankali, to a matsa.

"Ruwan da aka ɗiga wa Inna a baki tana barin duniya, shi za ka zubar don wasu ƙattai su jiƙa ɗuwawu?"

"Yaya, ruwan roba ya cika kanti. Zamani ya wuce ki."

"Kai da zamaninka ku ci gaba da auna zaitun a Marsiliya."

"Gidan nan kaso biyu nawa ne, naki ɗaya. Kada ki sa in tuna miki."

"Ka tuna. Lokacin da nake juya Inna a shimfiɗa, kaso nawa ka ɗauka?"

Ya kashe wayar. Ta ɗauki rariya ta ci gaba, ta ce mini hannuna ya yi nauyi, ina ɓata mata kuskus.

Lazhar ya aiko Jilani magini. Jilani ya zo da gudumarsa, ya ɗaga murfi ya leƙa, ya ga faskiya cike har wuya, don mu da hunturu ake mana ruwa, kuma ya yi albarka. Ya mayar da murfi. A unguwarmu ba a zubar da ruwan sama a ƙasa. Ko faskiya za a gyara, sai an raba wa maƙwabta ruwan sun shanye. Jilani ya kira Lazhar ya ce, "Ranka ya daɗe, ranar da ta ƙafe ka kira ni. Ni ba zan zama wanda ya fara ba, a masallacin nan nake salla."

Lazhar ya ce to a raba. Unisa ta ce ai da ma rabawa take yi. Sai ta samo wani ɗan guga, wanda ko jariri ba zai yi wa wanka ba, ta ce igiyar babban ta tsinke. Ka zo da jarka ta cika maka rabi, ta ce ka dawo jibi, bayanta na ciwo. Mu ma, a gaskiya, ba mu matsa mata ba. Wa ke son shan ruwan famfo?

Da Lazhar ya ga lokaci na tafiya, ya zo da kansa, ya ɗauko mai injin jan ruwa daga can Humt Suk, wanda bai san kowa a unguwar ba. Suka tarar da Unisa zaune a kan murfin faskiya, mu kuma mun kewaye ta da tulunanmu, kowace ta ja mayafi. Mai inji ya dube mu, ya dubi Lazhar, ya ce shi ruwa aka ce masa zai ja, ba tsofaffi ba.

"Ki tashi, Yaya," in ji Lazhar. Fuskarsa ta yi jajir.

"Zo ka ɗaga ni. Na goya ka, yau ka rama."

"Kina so ki tozarta ni a gaban surukaina."

"Ni na ce ka yi musu ƙarya?"

Haka ya juya. Dole ya kama hayar bila a can bakin teku wajen otal-otal, mai kwaminta da komai, ya gargaɗi mai ita kada ya leƙo har baƙi su tafi. Baƙi suka zo, suka ji daɗi, suna ta yaba gidan Lazhar. Da Unisa ta bar abin a nan, da ƙila yanzu suna gaisawa. Amma Unisa ba ta iya cin nasara ta yi shiru ba.

A wajenmu idan baƙi suka sauka, babbar gida takan kai musu ruwan faskiya su sha shayin farko da shi. Unisa ta yi wanka, ta ɗaura farin mayafinta mai jan baki, ta sa malafarta, ta cika tulu, ta ce in raka ta. Na yi murna, na ɗauka sulhu za a yi. Muka same su a bakin kwami, uwar saurayin sai fara'a. Sirin, yarinyar kirki, ta rungume goggonta ta tsaya tana fassara. Unisa ta yi musu barka da zuwa, ta tambayi hanya, ta miƙa tulu. Sannan ta dubi ginin sama da ƙasa ta ce, "Gida ya yi kyau. Ki ce musu idan mai gidan ya zo karɓar makullinsa su gaishe mini da shi, ya kyauta da ya ba ƙanena haya."

 Sirin ba ta fassara ba, amma fuskarta ta fassara, kuma saurayin ya ɗan tsinci Larabci a bakinta. Na ga ya raɗa wa ubansa. Uban ya yi dariya ya dafa kafaɗar Lazhar, wai ba komai. Aure bai fasu ba, an yi shi lafiya. Amma dariyar nan da dafa kafaɗar nan, Lazhar bai haɗiye su ba. Ya rako mu bakin ƙofa yana murmushi saboda baƙi, ya ce da yayarsa ƙasa-ƙasa, "Za a raba gidan."

Aka tara manya, liman da kawunsu da ya rage. Aka ce Unisa ta faɗi abin da take so a kasonta. Ta ce faskiya, da ƙaramin ɗakin da ke kusa da ita, da tsohuwar ƙofa. Sauran ɗakuna da dabino ya kwashe, ba ta so. Lazhar ya ce ya yarda, ko gardama bai yi ba. Saurin yardar nan ya kamata ya tsorata mu, amma sai muka bi ta gida muna yi mata barka. Ita kuwa har da raba mana shayi, tana cewa, "Ɗan kanti bai iya ciniki ba."

Ba wanda ya yi maganar soro. Liman bai yi ba, kawu bai yi ba, ni ban yi ba. Mu a kanmu faskiya da soro abu ɗaya ne, ba mu taɓa ganin an raba su ba, don haka bai zo wa kowa a rai cewa sai an ambace su daban-daban ba. Shi da ya daɗe a waje, shi ya iya ganinsu a matsayin abu biyu.

Ya kawo magina daga babban yanki, ƙetaren teku, suka ja katanga a tsakiyar tsakar gida, suka fasa sabuwar ƙofa, suka haƙa masa kwami a ɓangarensa, motar ruwa ta cika shi. Da zafi ya fara raguwa Unisa ta ɗauki tsintsiya da farar ƙasa kamar kullum, sai ta tuna matakalar soro tana bayan katanga. Ta ari tsani wajen Jilani ta hau ɗan ɗakinta. Daga nan ta hango. Duk indararon manyan ɗakuna an toshe bakinsu na ciki da siminti, an fasa musu sabon baki ta waje, suna kallon titi.

Ta sauko ta kira Lazhar a waya a gabana. 

"Lazhar, ka juya indararo."

"Sorona ne."

"Ruwan me zai yi maka a titi? Ko kwaminka ba ka kai shi ba."

"Ba ya yi mini komai. Faskiya kika ce, Yaya, an ba ki. Ki gaishe ta."

"Allah ya isa tsakanina da kai."

"Na ji. Sai an jima, akwai mutane a kanti."

Liman ya kira shi, kawu ya kira shi, Sirin ma ta yi kuka. Ya ce abin da aka raba an raba. Ranar da aka yi ruwan farko da rana tsaka, na leƙa na ga Unisa tsaye a bakin tsohuwar ƙofa ba mayafi, tana kallon ruwan soron ubanta yana kwarara cikin taɓon hanya. Na ce ta shigo kada sanyi ya kama ta. Ta ce in tafi in share nawa soron, ƙazama.

Yanzu ɓangaren Lazhar ya zama bila, baƙi ke kama ta duk bazara. Ana jin tsallensu cikin kwami ta bayan katanga. Shi kansa bai sake kwana a cikinta ba, idan ya zo otal yake sauka. Unisa tana nan tana shafe ɗan soronta da farar ƙasa, ta fi da tsanani, ko tsuntsu ya sauka sai ya ji sunan uwarsa. Abin da yake tara mata ba ya kai ta tsakiyar bazara. Randar bakin ƙofa dai ba ta taɓa bushewa ba, ko baƙin Lazhar suka tsaya suka sha ba ta hana su, sai dai ta bi su da harara.

Idan faskiyar ta ƙafe, mu da muka yi shekaru muna roƙonta mukan kai mata daga namu, kowace da tulunta. Ba ta cewa an gode. Jiya na kai mata nawa, ta ɗiba ta kurɓa, ta juya shi a baki, ta ce, "Monjiya, kyanwa ta hau soronki." Ta juye sauran a randa.