Ranar da tsohuwar ta ce "kar li"

Watana huɗu da zuwa birnin Greensboro na Amurka daga Maraɗi na samu aikin kula da wata tsohuwa a unguwar Irving Park. Turancina a lokacin bai wuce na gaisuwa da cefane ba. Ita kuwa Bayahudiya ce da ta biyo 'yarta Amurka tun da daɗewa, ta koyi Turanci da girmanta, sai ciwon mantuwa ya share mata shi, ya bar ta da Ibranancin da ta tashi da shi.

Ranar farko 'yar ta ciro wata 'yar na'ura daga durowa, mai murfi da ƙananan maɓallai. Ta ce da ita mahaifiyarta ta koyi Turanci.

"Ki rubuta kalmar Turanci, ki danna nan, za ta faɗe ta da Ibrananci."

Na ce to. Tambaya dai zan iya yi. Amsar fa? Ko harafi ɗaya na Ibrananci ban sani ba, balle in rubuta abin da ta ce. Haka muka yi ta lallaɓawa: in rubuta ruwa, ko shayi, ko banɗaki, na'urar ta faɗa da muryarta ta ƙarfe, tsohuwar ta gyaɗa kai ko ta kau da fuska.

Wata safiya a sati na uku, 'yar ta tafi aiki, na tarar da tsohuwar a kujera ta ƙanƙame ƙirjinta da hannu biyu.

"Kar li," ta ce. "Kar li."

A kunnena na Bahaushiya, hani na ji. Kar me? Kar in taɓa ta? Na ja da baya.

"Mama, mene ne?" Da Hausa ma na tambaye ta, don ruɗewa.

Na ɗauko na'urar, hannuna na rawa. Na rubuta ciwo, ta girgiza kai. Na rubuta zuciya, na yi kuskuren harafi, na goge, na sake. Ta dube ni kawai. Na kira 'yarta sau uku, ba ta ɗauka ba. Na yi tunanin kiran motar asibiti, amma me zan ce musu? In kuma ba komai ba ne, a ce na tayar da hankalin unguwa a banza, a sallame ni?

Na yi bisimilla na kama hannunta. Yatsunta kamar ƙanƙara. Na rubuta sanyi, na danna.

"Kar," in ji na'urar.

Tsohuwar ta damƙe ni, tana gyaɗa kai. Na ruga na kwaso barguna biyu na lulluɓe ta. Sai dai da na dafa goshinta, zafi rau. Na tura wa 'yarta saƙo da guntun Turancina: Mama sanyi, kai zafi, ki zo.

Kafin azahar sun tafi asibiti. Zazzaɓi ne ya kama ta, aka ba ta gado. Kwana uku ina zaune a ɗakina a titin Gate City Boulevard, waya a cinyata, ina tuhumar kaina da mintocin da na ɓata. Ko abinci ban iya ci sosai ba.

Rana ta huɗu 'yar ta kira. Ta yi magana a hankali don in gane.

"An sallame ta. Gobe ƙarfe takwas, kina iya zuwa?"

Na ce ina iyawa. Da na ajiye wayar ne na lura ban ma tambayi jikin Mama ba, sai na sake kiranta.