Hannun Rigar Adaugo

Duk wanda ya ce Adaugo mai haƙuri ce bai san ta ba. Riƙo gare ta, kuma ni ban ga laifinta ba.

A Sabon Gari aka haife ta, Hausa a bakinta kamar 'yar Fagge. Ta koyi ɗinki a shagon Madam Philomena, telar da ke ɗinka ankon ƙungiyar matan cocinsu tun Adaugo tana goye. Al'adar telolin unguwar, in yarinya ta gama koyo a yi mata bikin yaye: iyaye su dafa abinci, a yi addu'a, uwar ɗakinta ta miƙa mata almakashi a gaban jama'a. Wadda ba a miƙa wa ba, ko ta buɗe shago, 'yar koyo ce a idon mutane.

Ranar bikinta, mahaifiyarta Ogechi ta taso daga jinya ta dafa shinkafa kula-kula. Philomena ta sa wata baƙuwa ta saka rigar da Adaugo ta ɗinka don gwaji, ta ce ta ɗaga hannu. Rigar ta ɗage, hammata ta tamke. Kuskure ne da ake gyarawa a ɗaka ba wanda ya ji, amma Philomena ba ta shirya rabuwa da mai yi mata aikin kyauta ba. Ta karɓi rigar, ta fizge hannun ƙiii, ta jefa wa Adaugo.

"Hannunki na guga ne, ba na yanka ba," in ji ta. "Ki ƙara shekara."

Ta mai da almakashin cikin jaka. Ogechi ta kwashe kulolinta ta koma gida, kuma shekarar ba ta kewayo ba ta rasu.

Adaugo ba ta sake taka shagon ba. Ta ƙudurta a ranta cewa buɗe shago kawai bai ishe ta ba, ankon matan cocin take so, a raba Philomena da shi tana ji tana gani.

Ta samu aikin guga a wani shagon wanki, ta sayi tsohon keken ɗinki. Kullum in ta tashi aiki sai ta taka zuwa Kantin Kwari, inda wani ɗan kasuwa, Alhaji Modu, ke bar mata guntayen yadi. Da safe kuwa ba ta karyawa sai ta yanka hannun riga, ta ɗinka, ta saka, ta ɗaga hannu a gaban madubi. In ya ja, ta warware ta sake. Ko zazzaɓi take yi sai ta yi, tana yi tana tsaki.

Ranar Lahadi a coci can baya take zama. Mata na ɗaga hannu suna waƙa, ita tana duban wadda rigarta ta ɗage. Ana tashi sai ta rusuna ta gaishe ta: "Mama, kawo rigar in gyara miki, kyauta." Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya shekara da shekaru, har aka wayi gari mata suna sa ɗinkin Philomena da hannun Adaugo a jiki.

Da ƙungiya ta tashi sake anko, ko gardama ba a yi ba, aka ba Adaugo. Dokarsu kuma tela ɗaya ce, kowace mamba ta je da ƙafarta a auna ta.

Philomena, wadda ita ma mamba ce, ita ta zo ƙarshe, shagon da Adaugo ta buɗe cike da mata. Ta tsufa, ta rame. Ta zaro almakashi daga jaka, naɗe cikin hankici, ta miƙa da hannu biyu.

"'Yata, karɓi. Tuntuni naki ne."

Mata suka fara tafi. Adaugo ta dubi almakashin. Ko taɓa shi ba ta yi ba.

"Madam, Mamana ce ta so ta ga wannan, ita kuwa ta tafi. Mai da shi jaka."

Tafin ya mutu. Adaugo ta sauke tef ɗin awo daga wuyanta.

"Ɗaga hannu, Madam."

Philomena ta ɗaga.