Bahon da Baffa ya binne

Jiya ina ɗaukar hoton takardar da na haɗa da hannu, wadda zan ƙawata fuskar shafina na intanet da ita, sai wani guntu ya faɗi ƙasa. Kafin in ankara har na duƙa na ɗauke, kamar yadda Baffa, yayan mahaifina, yake yi. Ba ya wuce takarda a ƙasa, sai ya kakkaɓe ta ya cusa a tsagin katanga, kada a taka sunan Allah.

Ban sani ba ko daidai ne in faɗa, amma har ya rasu ban huce ba.

Da na gama jami'a na dawo Wurno, na jiƙa tsofaffin takardu a baho don in haɗa sababbi, na dama da ɓawon albasa har suka yi jaja-jaja. Da su nake fatan buɗe shafin in samu masu saye. Warin jiƙon ne ya jawo Baffa.

"Ke ɗiyag ga, mi kika damawa awa fura? Takarda?"

"Baffa, na duba, babu Larabci ciki."

"In da boko anka rubuta sunan Allah, ya tashi daga sunan Allah?"

Ya haƙa rami bayan rumbu, ya juye aikina duka ya binne, ina tsaye ina kuka. Ko sannu bai ce ba.

Wataƙila yana da gaskiya, don har yau sai na karance kowace takarda kafin in jiƙa. Allah ya jiƙansa, ya duba ayyukansa da sassaucin da shi bai duba nawa da shi ba.