Na Yaye Walida, Amma Ba Ciki Gare Ni Ba

Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Taimako nake nema. Duk wadda ta taɓa yaye ɗan wata tara, don Allah ta gaya mani abin da ta riƙa ba shi. 'Yata Walida ta ƙi kunu, ta ƙi madara, sai ramewa take.

Na san kun daɗe ba ku ji ni ba. Da murya nake magana, ban iya rubutu ba, ku yi haƙuri.

Tun damina abin ya fara. In na ɗauko ruwa, sai ƙirjina ya ɗaure kamar an aza mani turmi, har cikin hannun hagu. In na zauna ya saki. Na ce wahalar goyo ce.

Ranar da muke sussukar dawa ya kama ni bai saki ba. Zufa, amai. Maigidana ya ɗauke ni a mashin daga Maska zuwa asibiti a Funtuwa, maƙwabciyarmu na riƙe da ni ta baya.

Suka manna mani wayoyi a ƙirji, suka ɗibi jini, suka ba mu gado. Sai da maigidana ya sai da masarar da muka ajiye.

Likita ya kalli wani ɗigo rawaya da ke fatar idona ya ce, "Wa ya rasu da ƙuruciya a gidanku?"

Na ce Baba. A gona ya faɗi, ko furfura bai yi ba.

Ya ce mai ne ya yi yawa a jinina, yana toshe hanyoyin zuciya. Na ce likita ni da ko nama sai da Sallah? Dube ni fa. Ya ce, "Naki ba na ci ba ne kaɗai, gado ne."

Ya rubuta ƙwayoyi, ɗaya ta rage man ce, kullum, ba ranar dainawa. Sannan ya kalli Walida a cinyata ya ce wannan ƙwayar ba a shan ta ana shayarwa, kuma ba a ɗaukar ciki a kanta. Ya ce irin nawa ba na jira ba ne.

Haka aka kai ta Dandume wurin Innata yaye, ko tafiya ba ta fara ba.

Kun san garinmu. Mace ta cire yaro a nono tun bai kai ba, magana ɗaya ce: ciki gare ta. Na je suna, wata ta ce, "A'a, su Maryama an yi kwanika? Ina laifin ki bari ta taka ƙasa?" Aka yi dariya. Rigata duk ta jiƙe da nono.

Wallahi ba ciki gare ni ba.

Jiki Alhamdulillahi da sauƙi. Ina ɗauko ruwa ban tsaya ba. Da na koma awo sun ce man ya sauka, amma in na daina sha zai dawo.

Jiya Inna ta kira. Ina jin kukan yarinyar ta waya, muryarta ta dishe. Inna ta ce, "Maryama, ki zo ki mai da ita nono. Ke babba ce, kya jure."

Na ce, "Inna, Baba ma babba ne."

 

Tsoro nake ji. In na mai da ita, na ajiye magani. In na faɗi kamar Baba, wa zai riƙe ta?

Na gode wa maƙwabciyata da ma'aikatan da suka kula da ni, Allah Ya saka. Wadda ƙirjinta ke ɗaurewa in tana aiki, ko aka yi mutuwar farat ɗaya a gidansu, ta je a auna jininta ko siririya ce. Kuma ta gaya wa likita in tana goyo.

Jibi zan je Dandume in ɗauko ta, in kai ta asibiti a duba. Nono dai ba zan ba ta ba. Na gaya wa maigidana, na gaya wa yayyena su je awo. Inna ce ban gaya ma ba tukuna.